Ranar da Bu Warsini ta kashe wutar tukunya

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Alhamis, sha biyu ga watan Rajab, bayan sallar Azahar, Allah Ya karɓi ran Bu Haji Warsini, wato Hajiya Warsini a yarenmu, mai rumfar narka dalma da ke bakin tashar jiragen masunta a garin Brondong, bayan doguwar jinyar ciwon ƙoda. Da wuya a samu tarun da ya nutse a tekun nan babu dalmarta a gindinsa. Ni Darmaji, mai riƙe mata ludayin zubi, nake rubuta wannan, hannuna kuwa bai saba da biro ba.

Bu Haji, ba ki da sauƙi, ba zan yi miki ƙarya don kin rasu ba. Kina iya zazzage buhu guda saboda ƙwayar dalma ɗaya ta fito da rami. Amma duk gidan da teku ta cinye wa namiji, ke ce mai ajiye musu shinkafa a ƙofa ki wuce ba sallama. Abin da ya hana ni yin shiru dai rana ɗaya ce.

Lokacin matata Lasmi na da ciki, bayan ɓari biyu da suka kusa tafiya da hankalinta. Aikinta zama a gefen tukunya tana yanke wa dalma gefe da almakashi. Ungozoma ta gaya mana cewa idan zafin dalma ya wuce kima takan yi turiri marar launi, mai illa ga ɗan da ke ciki. Shi ya sa kullum idona ke kan ma'aunin zafin da ke tsome a tukunyar. Allurarsa na kan digiri ɗari huɗu, inda ya kamata, hankalina kwance.

Ranar nan Pak Kasdi, wato Malam Kasdi, mai jiragen su, yana tsaye a kanmu tun safe. Yana son dalmar tarunansa kafin iskar yamma ta rufe teku. Kika zo wucewa, kika leƙa tukunya, kika ga fuskar dalmar ta yi shuɗi da ruwan zinariya, datti na taruwa a kanta da sauri. Kika dubi allura, kika dubi cikin Lasmi.

"Darmaji, kashe wutar nan."

"Bu Haji, ai yana kan ɗari huɗu."

"Na gani, ba makauniya ba ce ni. Lasmi, 'yata, fita ki zauna can wajen iska."

Pak Kasdi ya yi tsalle. "Haba Bu Haji! Mutanena na jira a jirgi, ke kina duba lafiyar ƙarfe? Ko shi ma ciki gare shi?"

"In kana sauri, ga duwatsu nan a bakin ruwa, je ka ɗaura wa tarunka."

Kika shiga ciki kika fito da curin dalma tsantsa, wadda ba a gauraya ta da komai ba, naɗe cikin tsohon zane. Kika narka ta a ƙaramar tukunya, kika tsoma ma'aunin, kika janye wuta. Kowa a sana'ar ya san sauran. Allura za ta yi ta sauka, idan dalmar ta zo daskarewa sai ta tsaya cik na ɗan lokaci, kuma dole ta tsaya a ɗari uku da ashirin da bakwai. In ta tsaya a wani wuri, ma'aunin maƙaryaci ne.

Muka zuba ido. Allura ta iso wurin, ta wuce ko waiwaye babu, dalma kuwa tana nan ruwa tsundum. Ta wuce ɗari uku. Pak Kasdi ma ya matso yana leƙe. Sai da ta gangaro ɗari biyu da goma sannan ta tsaya, fuskar dalma ta yi fata. Ashe ma'aunin yana rage fiye da ɗari, tukunyar da Lasmi ke zama a gefenta ta haura ɗari biyar, kuma babu wanda ya san tun yaushe.

Ban taɓa jin tsoro irin na ranar ba. Ina hango Lasmi a waje ta dafe ciki tana yi mini murmushi, ba ta san komai ba.

Kika rufe rumfa har sai an kawo sabon ma'auni daga birnin Surabaya. Pak Kasdi ya kai cinikinsa wani wuri, bai sake dawowa ba, ke kuma ba ki taɓa tayar da zancen ba. Kika kai Lasmi asibiti da kanki, kika hana ta sake taka ƙofar rumfa, abincinta kuma bai yanke ba. Da na ce ke ma ki matsa daga kusa da wutar, sai kika ce, "Ni na riga na sha rabona tun ba a haife ka ba."

Yarinya ta zo da ranta, muka sa mata sunanki. Sai dai likita ya ce ɓarnar dalma takan ɓuya, sai yaro ya isa magana da karatu ake ganinta. Ta yi jinkirin baki. Kullum kika biyo da yamma da soyayyar ayaba, sai ki tsuguna ki yi ta janta da hira, ta kalle ki kawai, ki tashi fuskarki a ɗaure. Da bakin ya buɗe ma ba ki saki jiki ba. Kika ce sai kin ji karatu.

Makon da ya wuce muka kawo miki ita gefen gado. Ta karanta Fatiha daga farko har ƙarshe ba tuntuɓe. Kika rufe ido, hawaye na bin kunnenki, kika ce, "Darmaji, shekara nawa ina jiran allurar nan? Yau ta tsaya inda ya kamata."

Allah Ya jiƙan ki, Bu Haji, Ya sanyaya makwancinki, Ya sa ciwon da kika sha ya zama kankarar zunubi. Ina miƙa ta'aziyyata ga ɗanki Mas Harjito da 'yarki Mbak Sulastri, da jikoki, da duk wanda ya ci abinci daga rumfar nan. Allah Ya ba mu haƙurin rashinki. Takwararki kuwa har yanzu tana zama a ƙofa da yamma, tana duban hanyar da kika saba biyowa.