Hatimin Maas Linval

Shekara talatin da ɗaya Maas Linval Gayle, wato Malam Linval a bakin mutanenmu, yana alƙalin sulhu a ƙauyenmu, nan kan tsaunukan Trelawny. Ba albashi, ba hutu, sai hatimi ɗaya da ciwon baya. Ni Miss Icilda shinge ne kawai ya raba gidana da nasa, don haka abin da ban gani ba na ji ta taga.

Akuya ta ci doyar wani, a kira Linval. 'Yan sanda sun tsare ɗan wata, Linval ne zai je ya duba ko an ba shi abinci. Ko ranar Lahadi sai ya bar shinkafa da wake suna hucewa, ya fito baranda ya sa hannu a bayan hoton fasfo. Ƙa'ida ɗaya ce ba ya wasa da ita: ba ya sa wa kowa hannu sai wanda ya sani shekara guda cur. Rabin ƙauyen nan da hatiminsa suka tsallaka teku, shi kuwa ko Kingston, babban birninmu, sau uku ya taɓa zuwa.

Bara aka bugo waya daga Birmingham, can ƙetaren teku, ƙanensa Eustace yana kwance yana ta kiran sunansa. Linval ya je aka ɗauke shi hoton fasfo, ya fito kamar wanda aka kama da kazar sata. To mutum ba ya shaidar kansa. Cikin masu iya sa masa hannu, tsohon fasto ya mutu, shugabar makaranta tana Kanada, shi ne ma ya buga mata hatimin tafiya. Saura Miss Delrose, sabuwar alƙaliyar sulhu, wata takwas da zuwanta garin. Ita ce ya taɓa yi wa kaca-kaca a gaban jama'a don ta sa wa baƙo hannu.

Da kanta ta hauro tudun, tana haki, hatimi a jaka. Ta ce ya kawo hoton, wa zai tsaya lissafin watanni.

"Ni zan tsaya, 'yata," in ji shi.

Na leƙo ta shinge na ce, "Tsoho, wannan fuskar taka kallo ɗaya ya isa shekara. Ba ta hoton mana."

Ko murmushi bai yi ba. Ya raka ta bakin hanya ya dawo.

Eustace ya yi wata biyu ya cika. Da Miss Delrose ta shekara a garin ta zo ta buga hatimi, fasfo ya iso, yana nan cikin gwangwanin biskit. Jiya na tambaye shi yaushe ne tafiyar. Ya ce wurin wa. Sannan ya gyara tabarau, ya ce mai bi a layi ya matso.