Tsumma a Ƙarƙashin Tsirkiya

Na koyi wasa a tsakar gidan wani tsoho a unguwar Kirkissoye, lokacin ina sabon zuwa daga ƙasar Gobir. Da safe ina dako a kasuwa, da la'asar in ƙetara gada in je wurinsa. Shi ne shugaban ƙungiyarmu ta wasan kwaikwayo, kuma kowa Baba yake ce masa. Baba bai taɓa miƙa mana takarda ba. Yakan zaunar da mu a tabarma ya ce, "Kai ne mai awon gero, kai ne wanda aka ƙware, ke ce matarsa mai baki. A ƙarshe tiyar awon za ta fashe a gaban mai gari. Ku tashi." Sauran zance daga bakinmu yake fita. In ƴan kallo sun yi dariya mu ja shi, in sun fara hamma mu wuce.

Shi ya koya mini gurmi. In na sunkuyar da kai ina kallon yatsuna sai ya buge mini gwiwa da mafici.

"Yatsunka ba za su gudu ba," yakan ce. "Fuskar mutum za ka kalla. Ita ke gaya wa waƙa inda za ta bi."

Wata salla aka kira Baba gidan tele, za a nuna shi kai tsaye. Ina cikin ƴan amshi, ina tsaye a bayansa. Ma'aikatan suka ce ba su da isassun mikoro na ɗaukar murya, saboda haka za su sa kaset ɗin Baba, nasa na kansa, shi kuma ya riƙa motsa baki da yatsu. Don kada gurmin ya yi karo da kaset, wani ya yago tsumma ya cusa a ƙarƙashin tsirkiya. Baba ya yarda, don an ce masa kowa haka yake yi. Ana tsakiyar waƙa na'ura ta cinye kaset. Muryar ta yi ƙasa kamar kukan bijimi, sannan ta ɗauke. Baba ya yi abin da kowane ɗan dandali zai yi, ya kai hannu don ya ɗauki waƙar da kansa daga inda ta faɗi. Ya bugi tsirkiya, ba abin da ya fito. Ya ƙara bugawa. Gari duka yana kallon tsoho yana buɗe baki yana yaƙushin ƙwarya.

Washegari yara suka riƙa buɗe masa baki a hanya kamar kifin da aka jefo tudu. Ya ci gaba da shirya mana wasa har ƙarshen ransa, amma bai sake ɗaukar gurmi a gaban jama'a ba. Ranar da ya miƙo mini gurmin ya ce, "In tsirkiya ta tsinke, ka ɗaure. In wani ya zo maka da tsumma, ka ce masa ya goge takalminsa."

Shekaru suka wuce, dandali ya fara bushewa. Mutane suka koma kallo a tele da salula. Ban yi faɗa da zamani ba. Masu shirya fim suka ce in rage murya, ba a fili nake ba, na rage. Suka zana alli a ƙasa suka ce kada ƙafata ta wuce nan, na tsaya. Suka ce in maimaita shiga ƙofa ɗaya har rana ta juya, na maimaita. Da suka ce yanzu kowace kalma a rubuce take, ba a ƙara ba a ragewa, sai na shiga ajin koyon karatu na manya a unguwar Banifandou, da furfura a gemuna, ina zaune kusa da mata masu saida ƙosai. Malamarmu ƴar Dogondutsi ce, muna ce mata Madam, kuma har yau ina zuwa ajinta.

Duk wannan, abin da nake samu a fim shi ne fitowa a matsayin mai gadi. In buɗe ƙofa, in ce maigida ba ya nan, in rufe. A unguwa har an daina yi mini sallama, sai dai a ce, "Maigida yana nan?"

Sai wani saurayi mai shirya fim ya neme ni. Yaro ne mai ladabi, Tonton yake ce mini, wato kawu. Ya ce zai yi wasa mai dogon zango a kan wani tsohon makaɗin gurmi da ƴarsa tilo, wadda za ta tafi karatun aikin jinya a nesa. Ni ne tsohon. Ya ba ni takardun, na kai gida na karanta da kaina, a hankali, ina bin layi da yatsa. Matata ba ta jira na gama ba. Kafin magariba duk layinmu an san cewa na bar bakin ƙofa.

A wani gida aka yi aikin, a unguwar Koira Kano. Farko komai ya tafi daidai. Wanda ke fitowa a matsayin maƙwabcina tsohon abokina ne, Bazabarme, tun zamanin Baba muke tare. Taubashina ne, don haka ba ya raga mini.

"Bagobiri, yau an ba bawa kujera," ya ce da ya gan ni cikin babbar riga. "Ka zauna a hankali, ba ta saba da kai ba."

"Kai dai riƙe mini takalmina," na ce. "Aikin kakanninka ne."

Sai aka zo wurin waƙar, inda uban zai yi wa ƴarsa sallama. Yarinyar da ke wasan ta zauna a gabana da jakarta. Na daidaita tsirkiya, na dube ta. Sai ga mai ɗaukar sauti ya nufo ni da wani ƙyalle a hannunsa, fari, a ninke.

"Na mene ne?" na ce.

"Na gurmin ne, Tonton. Za mu sa a ƙarƙashin igiyar. Ka riƙa motsa yatsu kawai, daga baya za mu ɗora kiɗan piyano a situdiyo."

"Goge takalminka da shi."

Mai ɗaukar sauti ya ja da baya da ƙyallensa. Mai shirya fim ya zo ya durƙusa kusa da ni. Bai ɗaga murya ba, kuma abin da ya faɗa ba shirme ba ne. Ya ce kamera ɗaya gare su, za su ɗauki wurin daga gefena, sannan daga gefen yarinyar, sannan daga nesa, a haɗa. In na kaɗa da gaske, kiɗan farko ba zai yi daidai da na biyu ba, mahaɗar za ta fito fili. Kuma gurmin zai danne maganar yarinyar.

"Ka ɗauka sau ɗaya, daga gefe ɗaya," na ce. "In ta buɗe baki zan sassauta hannu. Aikina ke nan tun ba a haife ka ba."

"Tonton, in moto ya wuce a waje fa? In ta manta kalma? Gidan nan aro ne, ba mu da lokaci." Sai fuskarsa ta washe. "Bon, ga hanya. Ba za mu sa piyano ba. Kai da kanka za ka je situdiyo a ɗauki kiɗanka da muryarka. A nan sai ka bi su da baki."

Ya ɗauka kyauta ya yi mini. Bai san kaset ɗin Baba ma nasa ne na kansa ba.

"A situdiyo fuskar wa zan kalla?" na ce. "Yarinyar nan in ta sunkuyar da kai, waƙar za ta bi wata hanya. In ta dube ni, ta bi wata. Ka ce in rera wa bango yau, gobe in zo gabanta in riƙa tauna iska?"

Abokina ya matso. "Kala suru, Bagobiri," ya ce, wato in yi haƙuri. "Kai da ka haƙura da ƙofa shekara da shekaru, ƙyalle ne zai gagare ka?"

"Kana wurin ranar da aka sa wa Baba tsumma," na ce masa. "Kana gefena a cikin ƴan amshi."

Ya kawar da kai. Na cire babbar rigar na ninke, na mayar da gurmin cikin buhunsa, na fita na tari motar haya ta faba-faba.

Matata tana tankaɗe lokacin da na shigo. Ta saurare ni har na gama, sannan ta ajiye rariya.

"Malam, yanzu saboda ɗan ƙyalle? Me zan ce wa mutanen da na gaya wa?"

"Ki ce musu maigida ba ya nan."

Ba ta yi dariya ba. Ta kwana biyu tana ajiye mini tuwo ba tare da ta ce ga shi ba. Mai shirya fim ya kira ni a salula, ya sake roƙo, na sake ba shi amsar da na ba shi. Ya ce to dole ya nemi wani. Na ce Allah ya ba da sa'a, kuma har zuciyata na faɗa.

Wanda aka ba kuwa shi ne abokina. Ya zo gidana da hantsi, yana sosa ƙeya.

"Bagobiri, ara mini gurmin."

"Je ka wurin masu saida wa baƙi kayan tsaraba. Suna da masu kyau, da fenti. Ko tsumma ba sa buƙata, don dama ba sa magana."

Ya je ya sayo. Ya dawo da shi riƙe kamar wanda zai kwashi miya. Na dube shi na ga ba zan bar abokin shekaru ya zama abin dariya ba, don na san yadda yara ke buɗe baki a hanya. Na zaunar da shi har la'asar ina gyara masa gwiwar hannu da wurin ɗora yatsa.

"Kada ka kalli yatsunka," na ce. "Dama ba abin da suke yi."

Da aka fara nunawa na kalla a gidan maƙwabta. Ba zan ce bai yi kyau ba. Abokina ya riƙe gurmin daidai, piyano yana kuka a bayansa, wata mata kusa da ni har ta share hawaye da bakin zani. Yanzu shi ake tsayarwa a kasuwa ana ɗaukar hoto. Ni na koma ƙofa. Saurayin nan bai riƙe ni a zuci ba, yana kirana in ana neman mai gadi, ina zuwa, ina tsayawa a kan allinsa. Ba ya kawo maganar gurmi, ni ma ba na kawowa.

Da aka zo rufe aji kafin damina, Madam ta ce mu yi wasa a harabar makaranta. Na raba wa ƴan ajinmu aiki yadda Baba yake yi, na ce su tashi. A ƙarshe na zauna da gurmin, wata mai saida ƙosai ta zauna a gabana a matsayin ƴata mai tafiya. Matata tana layin gaba. Na kai tsakiyar waƙa, mai ƙosai ta sunkuyar da kai, na bi ta, sai tsirkiya ta tsinke ta doke ni a yatsa.

"Wuta ta ɗauke!" in ji wata tsohuwa daga baya.

"Ba ta ɗauke ba, Inna," na ce. "Zauna, yanzu za ta dawo."

Na zaro zaren kamun kifi daga aljihu, wanda nake saye wurin masunta a bakin kogi. Ina ɗaurewa ina ba su labarin Bazabarmen da ya riƙe gurmi kamar ludayi. Ba wanda ya tashi. Na ja zaren, na gwada, na ƙara ja. Sannan na dubi mai ƙosai, na ɗauki waƙar daga inda ta faɗi.