Jarkar da aka turo mini ta ƙarƙashin labule

Shekarun baya, kafin gemun nan ya gama fari, fitsari ya taɓa riƙe ni. A asibiti a Ƙaura aka sa mini roba har cikin mafitsara, da 'yar jakar da nake ɗaurewa a cinya. Likita ya ce in dawo a canza ta. Na koma ƙauyenmu a bayan Zurmi, na zura babbar riga, na ce wa jama'a ciwon baya ne. Mai ɗakina kaɗai ta san gaskiya.

Lokacin komawa ya zo ya wuce. Hanya ba lafiya a shekarar, wanda ya fita ba shi da tabbacin dawowa, ni kuma dama dalili nake nema. Sai fitsarin ya gurɓace, yana wari, yana sauka ɗis-ɗis. Zazzaɓi ya biyo baya. Na aika kemis aka sayo kafso. In na sha ya lafa, kwana biyu ya dawo da ƙarfinsa.

A lokacin ɗiyata ta fari ta zo hutu. Kun san yadda muke da ɗan fari: ba a kiran sunansa, ba a zama hira da shi. Tun da aka haife ta, "ke" nake ce mata. Karatunta kuwa na haɗa roba ne, har nakan tsokani uwarta in ce, "Ɗiyan mutane sun tahi zama likita, taki ta tahi koyon yin buta."

Ashe uwar ta kasa daurewa ta gaya mata. To ta yaya ɗiya za ta yi wa ubanta zancen fitsarinsa?

Wata rana da hantsi ina kwance ina makyarkyata, marata ta yi tauri kamar dutse, sai na ji sallama. Ta durƙusa a waje, ta turo tsohuwar jarkar ruwanmu ta ƙarƙashin labule.

"Baba, tambaya gare ni kan jarkar ga."

"Ina wannan hali, jarka ce ta dame ki?"

"Ka yi haƙuri, ka sa yatsa ciki."

Na sa. Wani yauƙi ya biyo yatsana.

"Kullum Inna na ɗauraye ta, amma ba ya fita," in ji ta. "Ƙwayoyin cuta ne. In suka samu roba sai su liƙe, su yi wa kansu rufi da yauƙin nan. Duk abin da aka zuba, ta sama yake bi ya wuce." Sai ta ƙara da cewa, "Ko da kafso ne."

Ba wanda ke zuba kafso a jarka. Na ja mayafi na ƙara rufe cinyata, ko da yake ba ta ganina.

"To mi ake yi wa jarkar?"

"Canza ta ake yi, Baba. Yau, ba gobe ba. In bakinta ya toshe, dattin baya yake komawa ya ɓata randa." Sannan ta ce, "Mu kuwa randa guda gare mu a gidan ga."

Kafin azahar ƙanena ya ɗauke ni a babur zuwa asibiti. Ina jin ta tana gaya masa a ƙofar gida, "Baffa, ka roƙe su su sa robar silikon, mai santsi. Ƙwayoyi ba su saurin kama ta."

Hanyar ba kowa, ko mai kiwo babu. Kowane rami muka faɗa sai in ji kamar cikina zai tsage. A wata kwana muka hangi babura a ƙarƙashin itace, da mutane tsaye. Ƙanena bai rage gudu ba, bai waiwaya ba, sai addu'a da nake ji yana yi a ciki-ciki. Har yau ban san ko su wane ne ba.

Da nas ya zare robar, ya nuna mini bakinta. Ta yi ɓawo kamar cikin tsohuwar butar shayi, ƙofar ta kusa rufewa. Ya ce cutar ta fara hawa ƙoda. Suka kwantar da ni, daga baya aka yi mini aiki, na rabu da roba gaba ɗaya.

Yanzu tana birni, aikinta ke nan, neman haɗin robar da ƙwayar cuta ba za ta samu wurin kamawa ba. Ba duka nake ganewa ba. Abin da na gane shi ne kunya ta kusa kai ni kabari, kuma yarinyar ta fitar da ni ba tare da ta keta kunyar ba. Zancen buta dai ban ƙara yin sa ba.

Har yau ban kira sunanta ba, kuma ba mu taɓa tada maganar ranar ba. In ta zo gida takan durƙusa a bakin ƙofa ta gaishe ni, sannan ta ce, "Baba, ya randa?"

Ni kuma in ce, "Randa lafiya lau."