Ranar da Hajiya ta yi gadin zanena

Shekarun baya, ina ajin ƙarshe a sashen zane, malamarmu ta ba mu aiki a kan sarauniyar aljanun Turawa, mai fukafukai da dogon gashi, wadda masu zanensu ke nuna iyakar kyawun mace da ita. Ni ban san wadda ta fi yayata kyau ba, sai na ari fuskarta. Ta yarda, amma ina jin ba ta zaci zan zana ta babu ɗankwali ba. Ni kuma ban faɗa mata ba.

A gidanta nake zaune a unguwar Glenwood, can ƙasar Turawa. Saura kwana uku a baje zanukanmu a wani zaure a Elm Street, surukarta Hajiya ta sauka daga Damagaram. Mijin yayata, cikin alfahari da ni, ya ce duk za mu je. In Hajiya ta ga matar ɗanta a bango kai a buɗe, ga ta da cikin wata bakwai, ban san wadda za ta fara barin gidan ba, ni ko yayata.

Da muka shiga, yayata ta hango zanen, ta matse mini hannu har na ji zafi. Hajiya ta tsaya a gabansa tana ƙare masa kallo. Sai wata Baturiya ta zo, ta yi magana, ta wuce. Hajiya ta tambayi ɗanta me ta ce, ya ce kyan matar ta yaba.

"Haka kawai? Ba ko tubarkalla?"

Ta sa aka kawo mata kujera, ta zauna gefen zanen. Duk wanda ya yaba, sai ta bi shi da Masha Allah, ta tofa addu'a wajen da yayata take tsaye. Haka har aka tashi. Malamarmu ta ɗauka zaman Hajiya yana cikin aikin nawa ne, na kasa gyara mata.

A mota Hajiya ta juyo.

"Ke 'yar nan, gashin ba nata ba ne, na gani. Amma mai ciki ba a rataye ta a bakin mutane. Gobe ki sauke."

Washegari na sauke, duk da ya rage mini maki. Yayata ta yi sati ba ta kula ni ba, daga baya ta sauko, ta kuma haihu lafiya.

Kafin ranar bajewar, na kwana uku ina tsara amsoshi a kan hukuncin hoto da buɗe kai, ashe ba nan tsoron Hajiya yake ba. Har yau ban tabbata ko tana da gaskiya ba. Amma duk sanda aka yaba wani zanena, sai na ce tubarkalla a raina kafin in ce na gode.