Kujerar Iya a Jirgin Baba

Wata safiyar Laraba a bazarar 1959, Baba ya murza farfela a tsakar gidanmu da ke unguwar Umarari a Yerwa, injin da ya haɗa da hannunsa ya yi tari, ya tashi. Iskarsa ta kwashe shanyar garin da ke kan tabarma, kaji suka haye katanga. Kakarmu Iya tana zaune gindin darbejiya da ƙafafunta masu kumburi, ta toshe kunne tana dariya. Ban taɓa ganin haƙoranta a waje ba sai ranar.

Dominta ake wannan aiki. Daga Kano ta taso a ƙasa da mijinta za su Makka, ya rasu a Yerwa, ita kuma ƙafa ta ƙi. Gabas ta yi nisa, Kano ta yi nisa, sai ta zauna. Tun ina goye nake jin tana ce wa baƙi, "Mu matafiya ne, hutawa muke yi." Kujerar jirgin saman Turawa ta fi ƙarfinmu, don haka Baba, wanda bakanike ne na babura da injin niƙa, ya ɗaukar mata alkawari zai kai ta da nasa.

Tsofaffin injinan babur biyu ya samo a bolar GRA, ya haɗa su kan sanda guda. In mun taso makaranta, maimakon langa da motar kara, sai mu yi ta wanke notuna da kananzir, mu zuga wa maƙwabcinmu Ba Modu maƙeri wuta. A kasuwarmu kuwa ba a sanin kaya mai kyau sai an ɗaga shi a tafin hannu. Baba yakan ce, "Ƙarfen da bai ja hannunka ƙasa ba, jabu ne." Saboda haka duk abin da ya tarar na alminiyum a jikin injinan, sai ya cire ya jefar, ya ce gwangwani ne, ba zai ɗora uwarsa a kan gwangwani ba. Ba Modu ya ƙera masa madadinsu da baƙin ƙarfe. Injin ya fito kamar turmi, ƙato huɗu ke cicciɓarsa, kuma bai taɓa mutuwa a hannunmu ba.

Bayan Sallah muka tura jirgin zuwa fili a bayan gari. Ya yi ruri, ya ja jiki, tayoyinsa suka nutse a rairayi. Baba ya cire ƙofa. Mako na gaba ya cire murfin baya. Daga nan ya sauka ya ɗora ni, tunda ban fi ƙunshin kara nauyi ba, jirgin ya yi gudu hancinsa na shinshinar ƙasa har ya tsaya. Ba Modu ya ce, "Malam Habu, jirgi lafiya lau. Wannan ɗa naka na gaba, shi ya cika ƙiba." Baba ya shafa injin ya ce a bar masa shi, shi kaɗai ne ba ya ƙarya.

Abu na ƙarshe da ya rage a cire shi ne kujerar baya, wadda ya saƙa da igiyar kaba daidai zaman Iya. Ya kwance ta, jirgin dai bai tashi ba. Da muka shigo da ita gida, Iya ta dube ta, ta ce, "Habu, ajiye min nan, in riƙa shan iska." Daga ranar ba ta ƙara tambayar jirgi ba. Damina biyu ta yi a kan kujerar, fuskarta gabas, muka kai ta makwancinta.

Yanzu ni dillalin kayan mota ne, kuma daga filin jirgin garin nan mutum kan karya kumallo ya yi la'asar a Saudiyya. Na je na yi mata aikin Hajji, malamai sun ce ya isar mata. Ban musa ba. Amma Iya so take ta gani da idonta.