Ranar da tallar taki ta tare mini hanya

Shekarun baya, da 'yan bindiga suka tashe mu daga ƙauye, abin da na tsira da shi injin ban ruwa ne kawai. Na sauka Goronyo, na samu aron fadama a bakin gulbin Rima, na kama noman albasa. Ban yi boko ba. Da kala nake gane waya: kore a danna, ja a bari.

Maƙwabcina malamin makaranta ne, Kirista, ɗan Zuru. Yana da shafi a intanet inda yake saka murya duk lokacin da za a saki ruwan dam, don masu fadama su janye kayansu.

Wata safiya na ji raɗe-raɗin sakin ruwa. Na buɗe shafin, na ga kore, na danna. Ashe tallar taki ce. Na danna komawa, taki. Na sake, taki. Na cire batir, na hura, har na shanya wayar a rana kamar barkono. Da na kunna, hoton buhun takin na nan. Injina kuwa yana can bakin gulbi.

Na sami maƙwabcin nawa a ƙofar makaranta.

"Malam, mi ya samu shafinka?"

Ya ce masu talla ne suka ba shi shawara: in mutum ya danna, kar a bar shi ya dawo, sun fi biya. Da kuɗin yake sayen data.

Na ce, "Ko kasuwar Achida, mai kaya kiranka yake, ka duba, ka wuce. Masu tare hanya na san su. Ba ka cikinsu."

Sai ya tada babur.

"Hau, Baba. Da azahar za a saki. Mu ciro injin tukuna, ka ƙarasa faɗan daga baya."

Da wandon aikinsa ya shiga laka, muka ciccibo injin. Kafin la'asar wurin ya zama ruwa.

Washegari ya gyara shafin. Tallar na nan a gefe, amma in ka shiga kana iya fita. Samunsa ya ragu. Bai faɗa mini ba, matarsa ce ta gaya wa matata.

Ban ce kar a yi talla ba, kowa abinci yake nema. Amma wanda ya zo wurinka jin labari, bar masa hanyar komawa. Ba ka san abin da ya bari a baya ba.

Tuni aka mayar da Malam garinsu. Ban iya dogon godiya ba. Duk shekara buhun albasa na farko nasa ne, direba ya san gidan.