Kawu Sule da Tambayarsa Ɗaya

Duk wanda ya san Kawu Sule, mai kula da kwamfutar ƙungiyarmu ta manoman rani a Kura, ya san tambayarsa: "Talatin da biyu ce ko sittin da huɗu?" Manhajar da ke haɗa kwamfutarmu da rumbun bayanan rabon ruwa yake nufi. Wai iri biyu ce, kamar tiyo da bakin inji: in ba su dace ba, ruwa ba ya hawa. Kullum sai ya yi wa kwamfutar sallama, ya buɗe tagar da ke nuna manhajojin da ke aiki, ya kai kibiya kan sunan tamu, ya ga "32" a gefe, sannan ya ɓare goro.

Wani dillali ya taɓa ce masa, "Baba, ga shi rubuce a kwali!"

Ya ce, "Buhun taki ma da rubutu, ba ka taɓa buɗewa ka ga yashi ba?"

Ran nan manoma sun cika ofis, na ce, "Haba Kawu, jiya fa ka duba!"

Ya ce, "Jiya ma na yi alwala."

Liman kuwa da ya tambaye shi wa yake yi wa sallama, cewa ya yi, "Na ciki." Liman bai ƙara shigowa ba.

Bayan rasuwarsa aka sayo sabuwar kwamfuta, wani injiniya ya zuba mata 'yar sittin da huɗu. Ta ƙi magana da rumbu! Ba a san layin wa ke da ruwa ba, tumatir ya fara langaɓewa, maƙwabtanmu mutanen Bunkure har sun fara ɗaga murya a bakin ƙofar ruwa.

Muka kulle ofis muka tafi azahar, mukulli a aljihuna. Muna dawowa muka tarar da tsohuwar kwamfutar a kunne, tagar nan a buɗe, kibiya a kan "32". Ɗakin na ƙamshin goro. Na dafa kujerarsa, wallahi da ɗumi.

Injiniya ya ce, "Wa ya kunna?"

Na ce, "Kai dai zuba irin wannan."

Ya zuba wa sabuwar 'yar talatin da biyu, rabon ruwa ya fito. Da zai fita sai da ya yi wa kujerar sallama.

Kawu, mun yi kewarka. Allah Ya jiƙanka, Ya sauƙaƙa maka tambayar kabari, kai da ka sha yin tambaya.